Akwatin Cobalt da Darasin da Masu Sayen Kayan Kwamfuta Suka Ƙi Ɗauka

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan tsaya dogon share fage ba.

Duk sanda aka ambaci kamfanin Cobalt Networks, akan lissafa shi cikin kamfanonin da suka kumbura a zazzaɓin intanet na ƙarshen shekarun 1990 sannan suka ɓace. Na daɗe ina jayayya da wasu abokan aikina a kan wannan hukunci, yau ma shi ya kawo ni. Cobalt ya gano wata gaskiya game da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, wadda har gobe masu sayo wa jami'o'inmu da ma'aikatunmu kaya ba su yarda da ita ba: amfanin na'ura yana ga wanda zai iya riƙe ta bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Tarihin kun san shi. An kafa kamfanin a 1996 a Mountain View ta jihar Kalifoniya a Amurka. Ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Nuwamban 1999, inda hannun jarin da aka yi wa farashin dala 22 ya haura dala 120 a ranar farko. A Satumban 2000 kamfanin Sun Microsystems ya ba da sanarwar sayensa a kan kimanin dala biliyan 2 ta hanyar musayar hannun jari, zuwa ƙarshen 2003 kuma Sun ya ce ya daina ƙera kayan Cobalt. Waɗannan lambobi su abokaina suke riƙewa su ce ga hujja. Ni kuwa ina roƙon mu bar kasuwa mu dubi na'urar.

A 1998 Cobalt ya fito da Qube, ɗan akwati shuɗi wanda kowane gefensa bai kai inci 8 ba, kuɗinsa kimanin dala 1,000. Ba a jona masa allon kwamfuta, ba a jona masa madannai. Abin da ke jikinsa ɗan ƙaramin allo ne na rubutu da 'yan maɓallai. Ka sa masa wuta, ka jona wayar sadarwa, ka danna masa adireshinsa da waɗannan maɓallai, shi ke nan ka gama da jikinsa. Sauran aiki daga burauzar kowace kwamfuta da ke ofis ake yin sa: buɗe wa sabon ma'aikaci akwatin imel, ware wa sashe wurin ajiyar takardu, ɗora shafin intanet, adana kwafin bayanai.

Me ke cikinsa? Linux, da Apache mai ba da shafuka, da Sendmail mai kai saƙonni, da Samba mai raba takardu ga kwamfutocin Windows. Duk manhajoji ne na kyauta da kowa zai iya saukewa. Furosesar kuwa ta MIPS ce mai gudun megahaz 150, wadda ko a zamaninta ba abin alfahari ba ce. Ashe ba ƙarfi Cobalt yake sayarwa ba, kuma ba sabuwar manhaja ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban saitin Sendmail ya san abin da ake sayarwa. A wancan lokaci, makarantar da ke son sabarta ta kanta sai ta ɗauki ƙwararren Unix, albashinsa na 'yan watanni ya fi kuɗin na'urar. Cobalt ya kwashe ilimin wannan ƙwararre, ya yanke shawarwarin da zai yanke tun daga masana'anta, ya bar wa mai na'ura 'yan tambayoyin da shi kaɗai ya san amsarsu: wa zai shiga, da wane suna, wuri nawa za a ba shi.

A nan nake so ku tsaya tare da ni, domin nan ne zuciyar maganar. Rage wa na'ura zaɓi aikin injiniya ne mai wuya, ya fi ƙara mata zaɓi wuya nesa ba kusa ba. Sai ka san aikin ciki da waje kafin ka san abin da za ka ɓoye ba tare da ka cuci mai amfani ba. Ƙanen Qube, wato RaQ, ya nuna haka ƙarara. Kaurinsa inci 1.75 ne, har ana jera wajen 40 a kanta guda, shi ya sa kamfanonin da ke ba da hayar wurin ajiye shafuka suka yi rububinsa. An kasa ikon gudanar da shi hawa uku: mai saba, mai shafi, da mai akwatin imel, kowa yana ganin abin da ya shafe shi kawai. Da aka zo RaQ 3 aka bar MIPS aka koma furosesar AMD K6-2, amma mai shafi bai sake koyon aikinsa daga farko ba. Mai tuƙa mota ba ya buƙatar sanin yadda aka ƙera injinta, buƙatarsa ya iske sitiyari da birki inda ya bar su jiya.

To me ya kashe shi? Sun kamfani ne da ribarsa take ga manyan sabobi masu tsada, masu furosesar SPARC da manhajar Solaris. Ƙaramin akwatin Linux mai araha baƙo ne a wannan gida, kuma an kawo shi ne bayan kasuwa ta fara karyewa tun Maris 2000. A waje kuma sabobin Intel masu araha sun cika gari, manhajoji irin su cPanel da Plesk sun ba kowa damar gudanar da saba daga burauza. Kamfanin ya mutu, dabarar ta bazu. NetApp, wanda aka kafa a 1992 a kan na'urar ajiyar bayanai mai aiki ɗaya tak, yana nan daram. Akwatunan Synology da QNAP na Taiwan a kan wannan turba suke. Netflix ma na'urorinsa na Open Connect yake ajiyewa a wajen kamfanonin sadarwa.

Za a ce mini gajimare ya raba gardama, a yi hayar saba a wajen manyan kamfanoni a huta. Mai wannan magana ya fara faɗa mana da wane kuɗi ake biyan hayar, da kuma abin da ofishin jarrabawa zai yi ranar da layin intanet ya yanke. Za a kuma ce akwati rufaffe yana ɗaure mai saye ga kamfani guda. Wannan tana da ƙamshin gaskiya, amma tarihin Cobalt ya amsa ta. A ƙarshen 2003 Sun ya saki tushen manhajar ga jama'a, masu amfani da ita a Japan suka ci gaba da raya ta da sunan BlueQuartz, daga baya BlueOnyx ya ɗora. Tsofaffin akwatunan MIPS kuma an ci gaba da ɗora musu NetBSD da Debian. Buɗaɗɗiyar manhaja ce ta fitar da masu saye daga ƙangi.

Shawarwarina uku ne, kuma kun sha jin su daga bakina. Na farko, kada a sa hannu a takardar karɓar kowace saba sai ma'aikacin da zai zauna da ita, ba injiniyan ɗan kwangila ba, ya buɗe akwatin imel, ya adana bayanai, ya kuma dawo da su a gaban kwamiti. Na biyu, a sa sharaɗi a kowace kwangila cewa na'urar za ta karɓi buɗaɗɗiyar manhaja idan kamfaninta ya rufe ko aka saye shi. Na uku naku ne, malaman sashen kwamfuta. Ku daina auna aikin ɗalibin ajin ƙarshe da yawan abubuwan da ya cusa a ciki. Ku ba shi tsohuwar kwamfuta da Linux, ku ce ya mayar da ita akwatin da magatakardan makarantar sakandare zai gudanar shi kaɗai tsawon zangon karatu. Idan magatakarda bai kira shi ba har zango ya ƙare, ku ba shi maki mafi girma.