Magana A Kan "It" Da "There", Masu Riƙon Wuri

Jama'a, yau zan yi muku magana a kan waɗansu 'yan kalmomi biyu na Turanci, watau "it" da "there". Ƙanana ne, amma sukan kā da mutum a jarrabawa, su kuma ɓata masa takardar neman aiki.

Kun riga kun koyi cewa "it" wakilin suna ne, yana tsayawa a madadin abu, kamar doki ko littafi. To, ga Bature ya leƙa waje ya ce, "It is raining," watau ana ruwa. Mene ne wannan "it"? Sama ce, ko hadari? Kada ku wahal da kanku, ba ko ɗaya. Ka'idar Turanci ce, ba a barin mazaunin mai aiki a gaban magana ba kowa. In babu mai aikin, sai a ɗora "it" ya riƙe wuri, kamar yaron da aka bar wa jiran rumfa, ba shi da ko ƙwaya cikin hajar. Haka ake yi wajen faɗin lokaci da yanayi: "It is ten o'clock," ƙarfe goma ne, "It is hot," ana zafi. Wanda ya rubuta "Is raining" kawai, malami zai ja masa jan layi.

Kada ku ce wannan wautar Turawa ce, mu ma muna yi. In ka ce, "Ya kamata mu tashi," wane ne ya kamata? Wannan "ya" ba kowa ba ne. Mutanen Faransa da Jamus su ma suna ɗora irin wannan kalma in za su ce ana ruwa, na Italiya kuwa ba su bukatarta.

Saura "there". Ma'anarta ta fari ita ce "can", amma in ta zo a gaban "is" takan zama "akwai". Ku duba: "There is a man here," akwai mutum a nan. Da "can" take nufi, ai da maganar ta ƙaryata kanta. Sai dai ku lura da abu guda. Mu "akwai" ɗaya gare mu, ko ga doki ko ga dawaki. Su kuwa sukan duba abin da ke biye: "There is a horse," amma "There are three horses." In tambaya za ka yi, sai ka juya su, ka ce, "Is there a horse?"