Jawabi a kan mura mai masassara da maganin da ke daina ci

Dattijai, malamai, ƴan uwa na Tebaram da ku ƴan bida da kuka komo gida, ina gaishe ku.

Ɗari ya shigo, kuma lokacin mura ne. Ina magana a kan mai tsanani, wadda ke kada mutum da masassara da ciwon jiki da tari. Ita ce ke wahal da tsofaffi da mata masu ciki da ƙananan yara.

Ƙwayar cutar da ke kawo ta, birus, tana sake kama kullum, har ta gagari magani. Akwai wani magani, amantadin, da aka daɗe ana sha. A shekarar 2006 likitocin Amurka suka hana ba da shi don mura, saboda cikin ƙwayoyi goma da suka auna, tara ba su jin shi. Sai aka koma ga Tamiflu. A 2008 aka ga wani irin murar da ba ya jin Tamiflu a ƙasar Norwai, kafin shekara ta kewayo ya gama duniya. Ashe cuta ma ƴar bida ce. Allah ya sa murar da ke yawo yanzu, mafi yawanta tana jin shi.

Mu ma abin ya shafe mu. A Fabrairu 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magarya. A Yamai kuwa cibiyar CERMES ce ke auna irin murar da ke cikin ƙasa.

To, ga roƙona. Kapso ja da rawaya na masu talla ba ya kashe ƙwayar mura, hasarar kuɗi ce. Ƙwayoyin da kuka zo da su daga Abijan ko Ikko, kada ku raba su kamar goro, kada ku zuba wa kaji a ruwa. Tsoho ko yaro in numfashi ya yi masa wuya, a kai shi likita ran nan, don maganin mura ya fi ci cikin kwana biyu na farko. Abin da aka rubuta maka, ka shanye shi duka.

Allah ya ba mu lafiya, ya maido na nesa gida. Wassalamu.