Kwat da Laktaye: Asalinsu da Ƙa'idojin Sa Su



Sutura takan gabatar da mutum tun kafin ya buɗe baki. Ɗalibin da ya je neman aiki, da lauyan da ya tsaya gaban alƙali, da ma'aikacin da aka tura wakilci wata ƙasa, duk ana auna su da ido kafin a auna su da kunne. Bahaushe ya san ƙa'idar babbar riga sarai: ya san inda aska takwas ta dace, ya san hular da za ta hau kanta, ya kuma san ba a tafiya gona da shadda. Amma da yawa daga cikin masu wannan sani, idan suka juya ga kwat da laktaye, sai su sa su da ka, kamar tufafin da ba su da doka. Manufar wannan lacca ita ce nuna cewa su ma suna da asali da ƙa'ida, kuma wanda ya zaɓi sa su wajibi ne ya san waɗannan.

Asali

A watan Oktoba na 1666 Sarkin Ingila, Charles na II, ya kawo sabon salon tufafi a fadarsa, watau doguwar falmaran a ƙarƙashin kwat, da nufin rage almubazzarancin fadawa. Daga nan ne aka sami tushen kwat mai kashi uku: kwat, falmaran da wando. Laktaye kuwa ya samo asali ne daga ƙyallen da sojojin haya 'yan Kuroshiya suke ɗaurawa a wuya lokacin da suka yi wa Faransa aiki a ƙarni na 17. Faransawa suka yi sha'awarsa, har sunan da suke kiransa da shi ma daga sunan mutanen nan ya fito.

A farkon ƙarni na 19 wani Bature mai suna Beau Brummell ya juya ra'ayin manyan Landan. Ya nuna musu cewa adon namiji yana cikin tsabta da kyan ɗinki da launi mai natsuwa. Laktayen zamani kuma wani mai sana'ar ɗinkinsa a birnin New York, Jesse Langsdorf, ya daidaita shi cikin shekarun 1920, inda ya yanka yadin a karkace, ya haɗa shi gida uku, don ya riƙa sauka sosai ba tare da murɗewa ba.

Abu biyu ke fitowa daga wannan tarihi. Na farko, an gina kwat a kan kamewa, saboda haka duk abin da ya cika ɗaukar ido ya saɓa wa asalinta. Na biyu, tufar ƙasar sanyi ce, kuma da ulu aka saba ɗinka ta.

Ɗinki

Sharaɗin farko shi ne kwat ta zauna wa mai ita. Wurin dubawa shi ne kafaɗa: ɗinkin ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare. Tela yana iya rage tsawon hannu ko ya matse ƙugu, amma gyaran kafaɗa yana da wuya ƙwarai. Wanda zai sayi kwat a gwanjo sai ya fara da wannan, domin kayan aro ba ya rufe katara. Hannun shat ya leƙo daga hannun kwat da misalin santimita 1. Ƙafar wando ta taɓa saman takalmi, kada ta taru a kansa, kada kuma ta ɗage. Maɓallin ƙasa na kwat ba a ɓalla shi, kuma idan za a zauna akan kwance na sama don kada yadin ya ja.

Launi

Ma'aikacin da albashinsa bai kai ya tara kwat da yawa ba, biyu sun ishe shi: shuɗiya mai duhu da mai ruwan toka. Kowace daga cikinsu tana karɓar farar shat da shuɗiya mai haske. Kwat 2 da shat 5 da laktaye 4 suna ba da haɗi iri 40, watau fiye da ranakun aikin wata guda. Baƙar kwat ta fi dacewa da kotu da manyan bukukuwa.

Ƙa'idar haɗawa ita ce laktaye ya fi shat duhu, kuma a cikin ukun nan ɗaya kaɗai zai ɗauki zane mai ƙarfi. Idan shat tana da ratsi-ratsi, laktaye ya zama mara zane, ko mai ƙananan ɗige-ɗige. Idan kuwa dole ne zane biyu su haɗu, to, ɗaya ya zama manya, ɗaya ƙanana. Faɗin laktaye ya yi kusa da faɗin lanƙwasar gaban kwat, bakinsa kuma ya sauka daidai kan bel. Ƙullin ya cika gurbin kwala, maɓallin wuya a ɓalle. Bel da takalmi launinsu ɗaya, safa kuma ta bi launin wando. Farar safa ta filin wasa ce.

Yanayi

A nan ne ma'aikacin ƙasar Hausa yake da matsalar da Bature ba shi da ita. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato yakan wuce digiri 40. Kwat mai kauri, musamman ta yadin roba mai riƙe gumi, azaba ce a irin wannan lokaci. Abin nema shi ne ulu mara nauyi, ko auduga, ko lilin, da shafi kaɗan a ciki, shat kuma ta auduga zalla. Kwat mai kauri a ajiye ta sai hunturu. Bayan an tuɓe, a rataye ta ta sha iska, kada a sa ta kwana biyu a jere, a kuma kwance ƙullin laktaye kowane dare.

Wasu ƙasashe sun fuskanci batun kai tsaye. A 2005 gwamnatin Japan ta bukaci ma'aikatanta su ajiye kwat da laktaye a lokacin bazara don rage wutar da na'urorin sanyaya ɗaki suke ci. A ƙasar Zayar kuwa, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Mobutu ya hana su a farkon shekarun 1970 da sunan komawa ga al'ada, hanin bai ɗage ba sai 1990. Na farko dalili ne na lissafi, na biyu kuwa tilas ce, shi ya sa da aka sassauta mutane suka koma ga abin da suke so.

Kammalawa

Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, da Majalisar Dokokin Amurka a 1961, yana sanye da babbar riga, kuma ba wanda ya ga kasawarsa. Saboda haka kwat ba sharaɗin wayewa ba ce. Amma akwai ayyukan da suka wajabta ta, kamar aikin lauya, akwai kuma masu zaɓenta don sauƙin zirga-zirga. Abin da ake bukata daga ɗalibi da ma'aikaci shi ne su ba ta irin kulawar da suke ba babbar riga: ɗinki daidai jiki, launi daidai wuri, yadi daidai yanayi, kuɗi kuma daidai albashi. Wanda bai iya cika waɗannan ba, kaftani mai tsabta da guga ya fi masa mutunci a ofis.