Muryar Makaɗi da Ma'ajiyarta



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata da'awa da kamfanonin sayar da waƙa ta intanet suka daɗe suna yi, watau cewa suna da tsarin sauti nasu na kansu wanda ya fi na kowa tsabta, saboda haka ya cancanci ƙarin kuɗi. Za a auna wannan da'awa da waƙoƙin makaɗan Hausa, da kuma halin mai sauraro a gari irin 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara.

Da farko ya kamata a san yadda na'ura take kama murya. Sauti girgiza ce ta iska, kunnen ɗan Adam kuwa ba ya jin abin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, yawan shekaru ma yana rage wannan. Na'ura tana ɗiban samfurin sautin ne sau da yawa, kuma ƙa'idar masana ita ce ɗiban ya ninka girgizar da ake son kamawa. Shi ya sa faifan CD, wanda ya fito a 1982, yake ɗiba sau 44,100 a daƙiƙa, abin da ya riga ya rufe iyakar kunne. Sautin da ake kira mai zurfin tsabta yana ɗiba sau 96,000 ko 192,000. Ƙarin gaskiya ne, amma galibinsa yana can inda kunne ba ya kai wa.

Misali mafi bayyana shi ne MQA, tsarin da kamfanin Meridian na Ingila ya fito da shi a 2014. An ce yana naɗe sauti mai zurfi cikin ƙaramin fayil, sai dai ba a warware naɗin duka sai da na'urar da ta biya lasisi. Dandalin Tidal ya karɓe shi a 2017. Masana suka bincika suka nuna cewa akwai abin da yake zubewa a wajen naɗin. A 2023 kamfanin MQA ya durƙushe, Lenbrook na Kanada ya saye kayansa, a 2024 kuma Tidal ya ajiye tsarin ya koma ga FLAC, wanda tun 2001 yake kyauta ga kowa, ba ya kuma zubar da kome. Wanda ya sayi na'ura mai tsada domin MQA sai ya wayi gari rumbun yana nan, mabuɗin kuwa yana hannun wani.

To, a dawo gida. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge ta Funtuwa a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Mafi yawan abin da suka bari an ɗauke shi ne a faifan garmaho, ko a zaren gidajen rediyo irin na Kaduna, ko a kaset wurin biki, mai kalangu na nan, 'yan amshi na can, maroƙi yana kirari a tsakani. Waɗannan na'urori ba su kama girgizar da ta wuce iyakar kunne ba, abin da ba a kama ba kuwa babu tsarin da zai dawo da shi. Daɗin daɗawa, abin da Bahaushe yake nema a kalangu shi ne hawa da saukar murya, yadda ganga take kwaikwayon karin harshe har a gane maganarta, wannan kuwa yana tsakiyar abin da kunne yake ji. Illar da ta sami waƙoƙinmu daga kwafe ta zo: kaset daga kaset, sannan a mai da shi MP3, a tura daga waya zuwa waya, a sake matsewa, har muryar Shata ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Sai batun kuɗi. Waƙar minti 10 a MP3 na yau da kullum tana cin kimanin megabait 10. A sauti mai ɗiba 96,000 tana haura megabait 300 kafin a matse ta. Manomin da ya zo cin kasuwar 'Yargoje, wanda zai saurara ta lasifikar ƙaramar waya, ba zai ji bambancin ba, amma aljihunsa zai ji. Akwai kuma abin da mutanen yankin suka gani da idonsu. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro, duk waƙar da take dandalin intanet ta yanke har tsawon watanni. Wadda ta ci gaba da tashi ita ce wadda masu tura waƙa suka zuba wa mutane a memori. Sauraro ta intanet haya ce, mai haya kuwa ba shi da iko da ɗaki.

Duk da haka, ɗiba mai zurfi yana da muhallinsa, watau ɗakin ajiya. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar a kwafe tsohon zare da ɗiban da bai gaza 48,000 ba, an ma fi son 96,000, a cikin tsarin da kowa zai iya buɗewa. Hikimar ita ce a bar wa masu gyara na gaba sarari su rage ƙara ba tare da sun taɓa muryar ba. Nan ne ma'aikatan gwamnati da suke wannan zaure suke da hannu, domin su ne suke rubuta takardun kwangila. Idan gidan rediyo, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ko wata cibiyar jami'a za ta kwafe abin da take da shi, lalle a rubuta cewa za a nemo zaren asali, a ajiye kwafin a WAV ko FLAC, a wuri biyu aƙalla, tare da sunan makaɗi da na 'yan amshinsa da shekarar ɗauka. Aikin kuma na gaggawa ne, gama zare yana lalacewa da zafi da laima, na'urorin da suke juya shi kuwa manyan kamfanoni sun daɗe da daina ƙera su.