Saniyar Gida da Tarin Fuka: Jawabin Wata 'Yar Ƙungiya a Bikin Bana



An ce in yi magana kan kiwo, ni kuwa labarin saniyata zan ba ku, wadda na saya da rancen ƙungiyar nan. Shekara biyu ina tatsarta, in dama wa yara fura, ragowar nonon in sayar. Sai ta fara wani busasshen tari. Ga dusa ga harawa, amma kullum ramewa take. Na ce ai ƙurar hunturu ce.

Ban farga ba sai da wuyan autana ya kumbura, ya ƙi sacewa. A asibiti aka ce tarin fuka ne ya kama kaluluwar wuyansa. Likita ta tambaye ni, "Kuna shan madara ba a tafasa ba?" Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ashe shanu ma suna da nasu tarin fukan, kuma yana kama mutum ta ɗanyar madara, ko ta numfashi idan ana kwana kusa da turke. Saniya takan daɗe da cutar tana ci tana sha, ba alamar komai. Da likitan dabbobi ya zo, allura ya yi wa tawa a fatar wuya, ya dawo bayan awa 72 ya tarar wurin ya kumbura. Ya ce ba a yi wa saniya maganin wannan cuta, sai dai a rabu da ita.

Wata ta ba ni shawara in kai ta kasuwa shiru in sayar. Na kwana ina tunani, don ban gama biyan rance ba. Amma in na sayar, gidan wa za ta shiga? 'Ya'yan wa za su sha nononta? Na haƙura, aka yanka ta a gaban ma'aikacin duba nama.

To 'yan'uwa, ku tafasa madara har ta taso, ta huce, sannan ku zuba tsohon nono ta kwana. Kada ku dogara da tsami, ba ya kashe ƙwayar duka. Ku nisanta turke da ɗakin kwana. Tarin da ya wuce mako 2, ko zufar dare da rama, a tafi asibiti. Magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ake sha ba fashi. Autana ya shanye nasa, ga shi can yana ta guje-guje, alhamdulillahi.

Roƙona ga shugabanninmu ɗaya ne: duk wadda za a ba rancen saniya, a sa kuɗin gwaji a ciki, a gwada kafin a biya dillali.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mana zuri'a.