Gyambon Baki: Na Jinya a Ɗaki da Na Zuwa Asibiti



Uwargida, kin san ɗan gyambon nan da kan fito a cikin leɓe ko gefen harshe, tsakiyarsa fari, bakinsa ja. Yaji ya taɓa shi, sai hawaye. Cizon harshe kan kawo shi, haka ma gajiya, ƙarancin jini da zuwan al'ada. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14.

To, akwai wata 'yar filasta da ake mannawa a kansa. Tana rufe gyambon, abinci bai goge shi ba, sannan ta narke a hankali tana sakin magani. A 2008 likitocin haƙori a Amurka sun gwada wadda aka yi da saiwar da Larabawa ke kira irƙusus, suka ga gyambon ya ragu, zafin ya yi sauƙi. Amma ta manya ce. Kada ki manna wa ƙaramin yaro, zai iya shaƙewa.

In ba ki da ita, ba komai. Ki kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ki ɗiga zuma mai kyau, ki rage yaji da tsami. Jariri da bai shekara ba, ba a ba shi zuma. Kanwa da toka kuwa ƙona wurin suke yi.

Yanzu ki ba ni kunnenki da kyau. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, ko wanda ya tashi daga baƙon dauro, in kika ga dasashinsa na jini, bakin na wari, kumatu ya kumbura, wannan ba na filasta ba ne. Yana iya zama noma, wato zaizayar baki, mai cin kumatu cikin 'yan kwanaki. In an kama ta da wuri, magani na tsayar da ita. Akwai asibitinta a Sakkwato tun 1999, kuma kyauta ake jinya.

Ke ce a gida, ke za ki fara gani. Kada ki jira ranar kasuwa. Ki gaya wa maigida a ranar, a kai yaron babban asibiti mafi kusa. Ke ma, in naki ya wuce mako uku bai warke ba, ki nemi izini ki je a duba.

Yau kafin barci, ki buɗe bakin kowane yaro ki haska. Allah Ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.