Maganar Kuɗin Turawa da Ake Cewa Mun Ci

Ina gaida Mai Unguwa, ranka ya daɗe, da Liman, Allah ya gafarta Malam, da dattawan Kwaciri baki ɗaya, da iyayenmu mata waɗanda ke saurare daga cikin soro. Ni ne magatakardan ƙungiyar zari-ruga ta wannan unguwa, kuma a hannuna littafin kuɗinta yake. Ba zan tsaya bayanin yadda ake wasan ba, domin duk wanda ya taɓa ratsawa ta bakin fili bayan La'asar ya ga abin da idonsa. Abin da ya sa na roƙi Mai Unguwa ya tara ku shi ne, gudummawar da kuka saba bayarwa wata-wata ta tsaya cik, iyayengida sun daina sakin yaransu, asusu ya bushe, kuma da na bi diddigi gida gida da shago shago sai na tarar duk magana ɗaya ce ke yawo: wai Turawa suna aiko mana da dala, mu shugabanni muna rabawa a ɗaki, sa'an nan mu fito da ƙoƙon bara mu tsaya a gaban talakawa.

To, jama'a, ina dalar take?

Na yi wannan tambaya a majalisar mai shayi, na yi ta a ƙofar masallaci, na yi ta a Kantin Kwari gaban wani attajiri wanda a da shi ne ke fara miƙo nasa tun kafin a tambaye shi, kuma har yanzu ban sami mutum guda wanda ya ce da idonsa ya gani ba, ko ya ji daga bakin wanda ya gani. Iyaka dai kowa ya ce an ce, in ka tambaye shi wa ya ce, sai ya yi murmushi ya ce ai ruwa ba ya tsami banza. Shi wannan attajiri da na gaishe shi, bai ko ɗago kai daga ƙirgar atamfa ba ya ce mini, "Malam, ku da kuke karɓar ta waje, me za ku yi da 'yar nairarmu?" Na ce masa, "Alhaji, da da ta waje a aljihuna, da ba ka gan ni da ƙura har gwiwa ba." Ya yi dariya, na yi dariya, na fito hannu rabbana. Allah ya gafarta Malam yana zaune, ya fi ni sanin cewa ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma an hore mu da mu binciki labari kafin mu yi hukunci da shi. Amma mu yau an juya mana ƙa'idar, an ce mu kawo shaidar cewa ba mu karɓi abin da ba a aiko ba.

Na san inda shubuhar ta samo asali, kuma ba zan ɓoye ba. An taɓa kawo mana kyautar ƙwallaye kaɗan da riguna 'yan gwanjo masu rubutun boko a ƙirji, yara suka sa suka bi layi suna taƙama, aka ɗauke su hoto aka sa a Facebook, daga nan mai kallo ya ce wanda ya aiko riga ai ba zai rasa haɗowa da ambulan ba. Wallahi ba ambulan. Rigunan nan su ne har yau a jikin yaran, kuma da yake wasa ne na kamawa da ja, babu wadda ba ta yage ba. Wani tela a Fagge, wanda ya hana ni faɗin sunansa, shi ke ɗinke su da daddare bayan ya gama aikin mutane, bai taɓa karɓar ko kwabo ba, har zaren ma nasa ne. Ku je ku duba ɗinkin, faci a kan faci. Mai cin dala ba ya barin tawagarsa ta shiga fili haka.

Sa'an nan akwai wani kuskuren fahimta wanda ya fi wannan zurfi, shi ne zaton da ake yi cewa duk abin da ya fito daga Ingila na masu hannu da shuni ne, don haka duk inda aka gan shi akwai kuɗi a bayansa. Bilhasali wannan nau'in da muke yi, na mutum 13 a kowane gefe, talauci ne ya haife shi. A arewacin Ingila, a yankunan Yorkshire da Lancashire, masu yin wasan a da ma'aikatan masaƙu ne da masu haƙar kwal, waɗanda in sun bar aiki ranar Asabar don su je fili sai a yanke musu ladan wannan lokaci. Ƙungiyoyinsu suka nemi izinin su riƙa mayar musu da abin da suka rasa, manyan hukumar wasan, waɗanda galibinsu masu wadata ne da ba su san zafin yankan lada ba, suka ƙi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyi suka taru a wani masauki da ake kira George Hotel a garin Huddersfield, ƙungiya 22 suka ɓalle suka kafa tasu hukumar, aka yarda a riƙa ba ɗan wasa har sule shida a madadin ranar aikinsa. Dattawan da ke nan sun san abin da sule shida ke nufi. A 1906 ne suka rage yawan 'yan wasa daga 15 zuwa 13. Kun ga ke nan mas'alar da ta raba su ita ce mas'alar da nake fama da ita a Kwaciri yau: yaro ɗan koyon sana'a, wanda in ya bar shago da yamma ya rasa na abinci, wa zai tsaya masa? Su can maƙwabtansu ne suka tsaya musu, da kuɗin shiga ƙofa da karo-karo.

Wasu kuma suna auna mu da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Pillars, suna cewa ai ƙwallo sana'a ce mai tsoka. Pillars, wadda aka kafa a 1990, ƙungiyar gwamnatin jiha ce, tana da kaso a kasafi, tana da filin Sani Abacha a Ƙofar Mata da dubban masu sayen tikiti, ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Mu kuwa ko alli na shata fili da toka muke musanya shi. Hatta Barewa, wadda ta daɗe tana ɗaga sunan Kano a zari-ruga na mutum 15, mu ƙannenta ne na nesa. Gaskiya ne Nijeriya ta ci gasar ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya ta irin wasanmu a Legas a 2019, inda ta doke Maroko a wasan ƙarshe, kuma mun yi murna. Amma kofin da aka ɗaga a Legas bai sayi ruwan leda ko ɗaya a Kwaciri ba.

Ku bari in gaya muku inda kuɗinku ke tafiya, tun da abin da ake son ji ke nan. Kuɗin adaidaita sahu ne ranar da za mu je wasa Sabon Gari, domin ba zan sa yara su tako daga nan su shiga fili da gajiya a karya su ba. Ruwan sha ne. Bandeji ne da man zafi da auduga. Ƙwallon nan mai siffar ƙwai ba a samunta a kowane shago kamar ta ƙafa, sai an yi saƙo an jira. Kuma ranar da yaro ya faɗi a kan kafaɗa, kamar yadda ya faru da rani, kuɗin hoto ne a asibitin ƙashi da na magani. A wannan rana asusu ba shi da abin da zai biya, sai mai horar da yaran ya jinginar da wayarsa. Wannan bawan Allah, wanda da safe yake ɗaukar kaya a kasuwa, da yamma ya zo ya tsaya cikin ƙura yana koyar da 'ya'yan wasu ba albashi, shi ne aka nuna da baki a wurin ɗaurin aure aka ce ga ɗaya daga cikin masu cin dala. Ya zo ya same ni ya ce zai ajiye. Na ba shi haƙuri, ya haƙura, amma ban san sau nawa haƙurin zai yi aiki ba. Haba jama'a! Ku ji tsoron Allah game da naman ɗan'uwanku.

Iyayenmu mata, ku ne na fi jin kunyarku, kuma ku ne na fi yi wa godiya. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai a bakin layi, jikanta yana cikin yaranmu, da ta ji maganar nan ta aika aka kira ni, ta ce, "Ɗan nan, ka dube ni ka gaya mini, kun ci ko ba ku ci ba?" Na ce, "Iya, ba mu ci ba." Ta kwance bakin zane ta ba ni abin da ta ba ni, ta ce tun da yaron ya shiga wasan nan yake dawowa gida ya yi wanka ya yi sallah ya faɗi ya yi barci, ba ta ƙara fita nemansa da fitila a lungu ba. Ita ta tambaya, ta ji amsa, ta yi hukunci. Abin da nake roƙon maza su yi ke nan, ba ƙari. Kowa a nan ya san abin da ke jiran yaron da ba shi da wurin zuwa tsakanin La'asar da Magariba, daga nan har Kurna da Rijiyar Lemo. Ba sai na ambaci sunan abin ba a gaban manya. Ƙarfin da ke jikin saurayi kamar ruwan damina ne a layinmu, in ba a yi masa kwata ba gidan wani zai shiga.

Ku kuma iyayengida masu shaguna, na ji hujjarku, kun ce ba za ku saki yaro ya je ya yi wa wasu neman kuɗi da ƙashinsa ba. Da haka ne, da ni ma ban saki nawa ba. Na shiga wani garejin gyaran babura a Sabon Gari inda yaranmu biyu ke koyon aiki, maigidansu ya tare ni da cewa in ana biyanmu a kan kowane kai, to a ba shi kasonsa tun da shi ke ciyar da su. Na buɗe masa littafi a kan kujerar babur, ya bi shafi shafi da yatsa mai baƙin mai, har tabon yana nan, ya kai ƙarshe ya ga bashin da ake bin mu, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, wannan littafin na mutane ne, ina na ɗaki?" Jama'a, wanda ya ƙudurta a ransa cewa akwai littafi na biyu, da me zan gamsar da shi? In na rantse ya ce ɗan boko ne, in na yi shiru ya ce gaskiya ta kama ni. Fagge tun zamanin ayari zangon fatake ce, kakanninku sun riƙe dukiyar mutanen Agadas da na Tarabulus bisa amana, wata da watanni, ba tare da mai ita yana kusa ba. Ban yi tsammanin a ƙasar da aka gaji wannan ne za a kasa yarda da maƙwabci a kan kuɗin bandeji ba.

Saboda haka ga abin da muka yanke, da izinin Mai Unguwa. Daga yau littafin zai kwana a zaurensa, kowa ya zo ya duba, wanda bai iya boko ba a karanta masa, in ana so ma a juya shi da ajami. Ku zaɓi dattijo guda daga cikinku, wanda ba ya cikin ƙungiya, ya riƙe asusun, kada a fitar da ko sisi sai da sa hannunsa; in an ga dama a zaɓi wanda ya fi kowa zarginmu, na fi son haka. Duk kyautar da ta zo daga ko'ina, riga ce ko ƙwallo, a gaban Liman za a kwance ta. In kuwa wata rana dalar nan ta zo, ku ne za ku fara ƙirga ta.

Sauran abubuwa a gurguje, na ga rana ta yi ƙasa. Ba yaron da zai ƙara shiga fili sai da yardar mahaifinsa ko waliyyinsa, baki da baki ko a rubuce. Wanda ke da Islamiyya da yamma ya zo ranar Alhamis da Juma'a kawai. Ana kiran Magariba an tashi. Yaron da ya bugu a kai, ko ya ce ya warke, ba zai koma wasa ba sai likita ya gan shi, kada iyaye su zo suna roƙona. Ƙasa ta yi tauri da hunturun nan, muna bukatar samari ranar Asabar da safe su zo da tsintsiya da manjagara a tsince kwalabe da ƙusoshi, mai amalanke kuma ya taimaka da yashi. Gudummawa ba mu yanka wa kowa ba, abin da ya sawwaƙa. Mai tambaya ya ɗaga hannu yanzu a gaban jama'a, kada ya bari sai an watse ya kai ta teburin mai shayi. Ranka ya daɗe, ga littafin.